BOBI: INDA ƊAN MANOMI DA ƊAN MAKIYAYI KE ZAMA BENCI ƊAYA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Tegina ta nufi Kontagora ya san Kamfanin Bobi, ko da bai taɓa sauka can ba. Gari ne na bakin titi, mai rumfunan shayi da tukubar tsire da matan Fulani masu ƙwaryar nono, inda direba kan tsaya ya duba ruwan mota, fasinjoji su miƙe ƙafa. Iyakar abin da yawancin matafiya suka sani game da wurin ke nan. Ni ma haka nake, sai a kakar da ta wuce, da aka aike ni in dubo gandun kiwon nan na Bobi da ake ta ba da labarinsa. Na tafi da niyyar rubuta labarin shanu da madara, amma na komo da labarin wani aji na makarantar firamare, domin abin da na gani a cikinsa shi ya fi tsaya mini a rai. Shi ne kuwa zan kawo wa masu karatu a wannan mako.

HANYA

Mun tashi daga Minna da hantsi cikin wata tsohuwar motar haya. Kafin mu isa Zungeru na ƙirga harsuna huɗu a cikin motar nan. Wasu mata biyu suna hira da harshen Gwari, wani dattijo yana amsa waya da Nufanci, wani saurayi mai sanda yana yi wa ƙanensa faɗa da Fillanci, in kuwa aka zo cinikin kuɗin mota sai kowa ya juya Hausa. Jihar Neja ke nan a dunƙule. Ba kuwa yau aka fara ba, don a Zungeru ɗin nan, hedkwatar Turawan mulki ta Arewa daga 1902 zuwa 1916, aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe cikin 1904, kuma ya iya Hausa tun yana ƙaramin yaro.

Da muka shiga Tegina sai hira ta mutu. Babu wanda ya manta cewa a ranar 30 ga Mayu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 130 daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko da ke garin, ba su komo ga iyayensu ba sai ƙarshen Agusta, bayan kuwa an yi irin wannan ta'asa a makarantar sakandare ta Kagara cikin Fabrairun shekarar. Direba ya kashe rediyo, ya zuba wa titi ido. Sai da muka haye kogin Mariga sa'an nan aka soma yin gyaran murya, wani ya fasa goro ya miƙa wa na kusa da shi.

Ƙasar kuwa mai albarka ce, ba shakka. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, ga masara an karya an tara, ga kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi cikin gonaki, can nesa ga duwatsu sun yi baƙi cikin hazo. A gefen gonakin nan kuma ga garkunan shanu, fararen bunaji da jajayen rahaji masu dogayen ƙahoni, yaro ɗan shekara goma yana tare su kada su faɗa wa amfanin da ba a kwashe ba. Tsakanin bakin saniya da zangarniyar dawa wani wuri bai fi taku goma ba. Wanda ya ga wannan ya ga tushen arzikin ƙasar Bobi, ya kuma ga tushen rigimarta.

ƘASA DA MUTANENTA

Bobi tana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, mai hedkwata a Bangi, a ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora. Tun kafin a kafa masarautar akwai Kamukawa da Kambari a wannan yanki, ga Gwarawa ta gabas da kudu, ga Dukawa da Dakarkari ta arewa maso yamma. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya sami sarautar Sarkin Sudan cikin 1859, ya kafa garin Kontagora cikin 1864. Shi da ɗansa Ibrahim sun yi ta kai hare-hare a kan waɗannan ƙabilu, har da yawansu suka bar fili suka hau duwatsu, kafin Turawa su ci Kontagora cikin 1901. Wannan tarihi ne, ba abin ɓoyo ba ne. Abin lura shi ne, labarin da ake bayarwa da alfahari a wani gida, a gidan maƙwabci da baƙin ciki ake ba da shi, jikokin gidajen nan biyu kuwa yau suna aji ɗaya.

Daga baya Hausawa manoma da fatake suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, Fulani makiyaya suka biyo ciyawa da ruwa, titi kuma ya kawo Yarabawa masu gyaran mota da Ibo masu shagon magani da kayan gyara. Gandun kiwon kansa, wanda faɗinsa ya ɗara hekta 30,000, yana cikin irin waɗanda suka samo asali daga dokar gandayen kiwo da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi cikin 1965, don makiyayi ya sami wurin zama da ba za a tashe shi ba. Cikin 2019, da Babban Bankin Nijeriya ya matsa wa masu shigo da madara lamba su zo su samar da ita a gida, wasu kamfanoni, ciki har da FrieslandCampina WAMCO masu madarar Peak, suka karɓi fili a gandun. A lokacin ne sunan Bobi ya yi ta fitowa a jaridu.

To, inda makiyayi ya kafa turke, nan zancen makaranta ke tasowa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa da doka mai lamba 41 ta 1989, hedkwatarta a Kaduna, kuma ta kai karatu rugage da dama waɗanda da ba su taɓa ganin allo da alli ba. Wannan aiki ne abin yabo. Sai dai makarantar ruga ta 'ya'yan ruga ce, ta gari kuma ta 'ya'yan gari. A 'yan wurare kaɗan ne, inda ruga ta matso kusa da ƙauye, za ka tarar da yaran sun haɗu ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu ce wani ɗan acaɓa ya kai ni, bayan tafiyar kamar rabin sa'a cikin ƙura.

A CIKIN AJI

Makarantar ɗakuna uku ce, ɗaya iska ta kware rufinsa. Malamin aji biyar mutum ne siriri mai kimanin shekara arba'in, wanda ya yi karatun malanta a kwalejin horon malamai ta Tarayya da ke Kontagora, wadda daga baya aka ɗaga ta zama jami'a. Da na gaya masa abin da ya kawo ni Bobi sai ya yi dariya, ya ce, “Malam, shanu ba za su gudu ba. Shigo ka zauna ka ga masu shanun gobe.”

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Da yaran suka miƙe, ba su yi ta da Turanci kaɗai ba kamar yadda muka saba. Kowace safiya akwai harshen da ke da rana. Ran nan ta Fillanci ce, sai na ji aji duka, Bahaushe da Bakamuke da Bagware, sun ɗauka baki ɗaya, “A waali jam?” watau an kwana lafiya? Wani ɗan Fulani da ke bencin gaba shi ne alƙali, shi ke gyara wa wanda harshensa ya karkace. Malamin ya raɗa mini cewa yaron nan ya yi wata uku a ajin bai taɓa ɗaga hannu ba, sai ran da aka ce shi zai koya wa sauran gaisuwa.

Sa'an nan aka shiga darasin zaman jama'a. Malamin ya rubuta kalmomi a allo, ya tambayi yara ko wane harshe ne: baffa, kawu, goggo, burtali, kindirmo. Suka ce Hausa, har suna mamakin sauƙin tambayar. Ya ce a tambayi 'yan ruga. Nan fa aka gane ashe daga Fillanci Hausa ta aro su. Ya ƙara da agogo da ashana da akawu, ya ce daga Yarabanci suka shigo, sai ɗiyar wani makanike ta gyara zama, tana kallon kowa ɗai-ɗai. Ya kawo kasuwa da Galadima da Ciroma, ya ce waɗannan kuma na Barebari ne. Wani yaro mai tsiwa ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to mu me ya rage mana?” Aji ya tuntsire da dariya. Malamin ya ce abin da ya rage shi ne tukunyar da aka dafa su duka a ciki, kuma tukunyar da ba ta karɓar cefane ba ta yin miya.

Akwai kuma wani jadawali da aka manna a bango, yaran ne suka zana shi da kansu. Gefe ɗaya sunan da Hausawa ke kiran kowace ƙabila, ɗaya gefen sunan da ita take kiran kanta. Fulani, Fulɓe. Gwarawa, Gbagyi. Dakarkari, Lelna. Ni da na yi difloma a aikin jarida, na kuma shekara goma ina rubuta sunayen ƙabilu a labari, ban taɓa tsayawa na yi wannan tunani ba.

Ba kowane abu ne ya zo masa da sauƙi ba. Ya ce da ya fara wannan tsari akwai wata yarinya Bakamuka da ta rantse ba ta da wani harshe sai Hausa, alhali kuwa ya sha jin ta tana magana da kakarta a bakin rijiya. Kunya take ji, don ta san abin da ake ce wa mai irin harshenta a filin wasa. Bai tilasta mata ba. Sai ya tafi da kansa ya gai da tsohuwar, ya roƙe ta ta koya masa gaisuwar safe, ya zo aji ya yi ta a karkace. Yarinyar ta kasa daurewa, ta gyara masa. Daga ranar harshenta ya sami rana a cikin mako.

Haka kuma ya warware zancen abinci. 'Yan gari sun daɗe suna cewa 'yan ruga girman kai gare su, don in an fita tara ba su cin komai a gaban mutane, ko an yi musu tayi sai su kau da kai. Malamin ya sa aka tattauna. Aka gane ashe abin da Fulani ke kira semteende ne, watau kunya, wadda tare da munyal, watau haƙuri, take cikin ginshiƙan pulaaku, tarbiyyar da ake yi wa kowane ɗan Fulani. Ya tambayi 'ya'yan Hausawa ko uwayensu mata suna kiran sunan ɗan fari. Suka ce a'a, kunya ce. Ya ce to, ashe kowa da inda tasa kunyar ta faɗa. Da aka zo kan matan Gwari da ke ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba, wani ɗan Gwari ya bayyana cewa a wurinsu kai abin girmamawa ne, ba a ɗora masa kaya. Abin da ake yi wa dariya jiya sai ya zama abin da ake jinjina wa.

RAN DA AKA ƘI ZAMA BENCI ƊAYA

Bayan an tashi muka zauna gindin wata ɗorawa, na ce masa duk wannan abin sha'awa ne, amma gaisuwa da aron kalmomi za su iya da abin da ke faruwa a dazukan nan? Ya yi shiru, kana ya ba ni labarin wasu yara biyu.

Na farko ɗan manomi ne, 'yan bindiga suka ɗauke ubansa a gona, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da ya komo makaranta bayan makonni, sai ya ɗauki jakarsa ya bar bencin da yake zama da wani ɗan Fulani, ya koma ƙasa ya zauna, ya ce shi ba ya zama da “su”. Aji ya yi tsit. Malamin ya ce ya san in ya ɗauki bulala yaron zai koma benci, amma zuciyarsa tana ƙasa. In kuma ya yi wa'azi, maraya ba ya jin wa'azin wanda ubansa ke gida. Sai ya ƙyale shi, ya ba aji duka aikin gida: kowa ya tambayi babban gidansu abu biyu, me gidan ya rasa cikin shekarun nan, wane alheri kuma wani wanda ba ƙabilarsu ba ya taɓa yi musu.

Kashegari yara suka yi ta kawo amsa. Wani ya ce kakansa ya gaya masa da, bayan an kwashe amfani, manomi ne ke zuwa ruga da goro ya roƙi a sauke masa shanu a gona don taki, ya kuma ba da damin dawa. Wata ta ce shekarar da uwarta ta yi ciwo, wata Bafillatana ce ta riƙa kawo wa jaririn gidan madara ba ta karɓi ko kwabo ba. Da aka zo kan ɗan Fulanin nan, sai ya miƙe ya ce su abin da suka rasa shanu ne, a dare ɗaya aka kore su, aka kuma harbe ƙanen ubansa da ya bi sawu. Sa'an nan ya shiga lissafa shanun, ba da ƙidaya ba, da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta da sunan uwarta, har muryarsa ta sarƙe.

“Ban ce sun zama abokai ba,” in ji malamin. “Kada ka rubuta haka. Amma bayan sati biyu na shigo na tarar ya koma benci. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.”

ABIN DA LITTAFI YA MANTA

Na duba littafin zaman jama'a da ke hannun malamin, kwafi ɗaya tak ga aji duka. Akwai auren Yarabawa, akwai bikin sabuwar doya na Ibo, akwai hawan salla na Hausawa, kowanne da hotonsa. Babu laifi yaro ya san waɗannan, don irin wannan manufa ce ta sa aka kafa aikin yi wa ƙasa hidima cikin 1973, bayan yaƙin basasa, kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta so kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku banda nasa. Amma ɗan Bobi ba da mutumin Onica zai yi gardamar iyakar gona ba. Da wanda ke gefensa a benci zai yi ta, shi kuwa littafin bai ko ambace shi ba. An yi ta kai da komo a kan harshen koyarwa: cikin 2022 aka ce a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, cikin 2025 aka soke aka ce a koma Turanci. A ajin da na shiga kuwa, kafin hukuncin nan da bayansa, ban ga takarda ko ɗaya da harshen Kamuku ko na Kambari ba, sai abin da yara suka rubuta a bango.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa lura da wannan. Harshenmu ya zama gadar da kowa ke bi a Arewa, wannan ni'ima ce. Amma mai gada yakan manta cewa wasu sai sun tako daga nesa kafin su hau ta. Kowa ya koyi namu, mu ba mu koyi na kowa ba, har muka mai da sunan wata ƙabila kalmar da muke kiran maganar da ba ta fita daidai, muka ce gwaranci. Na tuna muna aji huɗu akwai wani yaro da muka addaba da wannan kalma har ya daina magana a cikinmu. Sai da na girma na gane harshe uku yake ji, mu masu yi masa dariya kuwa ɗaya muke da shi. A gindin ɗorawar nan ta Bobi na tuna da shi, kunya ta kama ni.

Ba kuwa sai mun je wata ƙasa aron dabara ba. Kakanninmu sun bar mana wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Kanawa da Zazzagawa, inda ake tsokanar juna amma haramun ne a yi fushi, kuma in ɗaya ya shiga wuya ɗayan ne mai cetonsa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riƙe wannan al'ada da daraja, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan gadon 'yan Adam cikin 2014. Malamin Bobi yana koya wa yaransa bambancin wannan da gori: wasa shi ne wanda ku biyu kuka yi dariya, in kai kaɗai ka yi, to, zagi ne.

Saboda haka ina jan hankalin ma'aikatun ilmi na jihohinmu da makarantun horon malamai, su ba malami dama da horo ya gina darasin zaman jama'a a kan mutanen da ke gabansa, kowace ƙaramar hukuma da nata. Inda makarantar ruga da ta gari ke kusa, a riƙa haɗa yaran ko da sau ɗaya a wata ne, a wasan ƙwallo ko muhawara. A gayyato ardo da mai unguwa da tsofaffin mata su shigo aji su ba da labari. Wannan ba ya bukatar kwangila, ba ya bukatar kuɗin waje. Iyaye kuma mu kula da bakinmu a gida, don kalmar “su” da yaron nan ya faɗa ba a makaranta ya koye ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KOMOWA

Da la'asar ɗan acaɓan ya dawo ɗaukata. A hanya muka ratsa wani burtali da gonaki suka cinye har ya zama kamar hanyar ƙafa, muka tarar da wani yaro yana fama da shanu kada su kauce. Da na duba sai na ga alƙalin gaisuwar nan ne na bencin gaba, ya tuɓe rigar makaranta ya rataya sanda. A can gefen gonar kuma wani ɗan ajinsu ne ke tsaron damman dawar gidansu. Suna ta yi wa juna ihu, ɗaya yana nuna wa ɗaya inda shinge ya ɓalle. Na ce a tsaya, na gwada ɗan abin da na koya da safe, na ce masa “Mi yetti,” watau na gode. Ya dube ni, ya gyara mini faɗarta sau biyu, sa'an nan ya bi shanunsa.

Na kwana Kontagora, kashegari na kamo hanyar gida. Labarin madara yana nan, zan kawo shi wani mako in Allah Ya yarda. Allah Ya zaunar da ƙasar Bobi da sauran ƙasarmu lafiya, Ya kuma saka wa malaman ƙauye da alheri, amin.